Dakta Yagana Abdulsalami, Likitar da Ta Kai Maganar Ɗori Majalisa

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayiya Dakta Yagana Abdulsalami ranar Alhamis, 9 ga watan Mayu na shekarar 1963, kwanaki kaɗan bayan babbar sallar shekarar 1382 ta Hijira, a unguwar Gwange da ke cikin birnin Maiduguri. Mahaifinta, Mala Abdulsalami Modu, mutumin Kukawa ne wanda fataucin banda, wato kyafaffen kifin tafkin Cadi, ya kawo shi Yerwa, wato Maiduguri, tun yana saurayi, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai rabu da rumfarsa ta Kasuwar Kifi ta Baga Road ba. Mahaifiyarta, Ya Falmata Kyari, ta shahara a unguwar da haɗa turaren wuta da humra, matan aure na binta har cikin gida su saya. Yagana ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ta tashi da Barbarci a gida, ta tsinci Hausa a kasuwa, Larabcin Shuwa kuwa a bakin abokan cinikin mahaifinta ta koye shi, kuma harsunan nan uku sun yi mata rana daga baya fiye da yadda kowa ya zata.

Karatu

Ta fara karatun Alƙur'ani a hannun gwaggonta, sannan a shekarar 1969 aka sa ta makarantar firamare ta Gwange, inda ta gama a 1975. Daga nan ta wuce sakandaren 'yan mata a cikin gari, ta fito a 1980 da sakamakon da ya sa shugabar makarantar ta taka da kanta har rumfar Mala Abdulsalami, ta tsaya a cikin warin kifi da hayaniyar dillalai, ta roƙe shi ya bar 'yarsa ta karanci likita. An ruwaito cewa sai da ya wanke hannu, sannan ya amsa da cewa ai shi ma abin da yake jira ke nan wani ya faɗa masa ta wace ƙofa ake shiga. Ta shiga Jami'ar Maiduguri a 1981, ta kammala karatun likita a 1987.

A shekarar da ta biyo baya, tana cikin horon sanin makamar aiki a babban asibitin gari, aka kawo wata yarinya 'yar shekara bakwai daga wajen Monguno, wadda ta faɗo daga kan jaki ta karye a sama da gwiwar hannu. An yi mata ɗorin gida da kara da tsumma, aka ɗaure tamau har kwana tara, jini ya daina kai wa yatsu, hannun ya yi baƙi ya ruɓe. Yagana ce ta riƙe hannun a ɗakin tiyata lokacin da babban likita ya yanke shi. A ranar ta sayi littafin rubutu mai kauri ta rubuta sunan yarinyar da garinsu da abin da ya same ta, kuma a ranar ta yanke shawarar zama likitar ƙashi, duk da cewa abokan aikinta maza sun yi ta faɗa mata cewa aiki ne na guduma da zarto, ba na mace ba.

Aure da Ƙwarewa

Bayan ta yi bautar ƙasa a Jos, an ɗaura mata aure a watan Disamba na 1990 da Malam Abdulnasir Bukar, malamin lissafi a sakandare, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci. Allah ya ba su ɗansu na fari, Habib, a 1991. Da ta samu gurbin ƙwarewa a wani asibitin ƙashi a Kano a 1993, Malam Abdulnasir ya ajiye aikinsa ya bi ta, ya nemi koyarwa a can, abin da dangi suka daɗe suna mamaki. A Kano aka haifi Rahmat a 1994 da Ammatullahi a 1998. Ita kaɗai ce mace a cikin waɗanda aka ɗauka tare, kuma ta ci jarrabawar ƙarshe ta zama ƙwararriyar likitar ƙashi a shekarar 2000. An yi mata tayin zama a Kano da kuma wani a ƙasar Saudiyya, ta ƙi duka biyun, ta kwashe iyalinta ta dawo gida. Autansu, Modu, a Maiduguri aka haife shi a 2002.

Aiki a Maiduguri

A sashen ƙashi na asibitin da ta koma ta tarar da Dakta Theophilus Nwachukwu, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda a Maiduguri aka haife shi, kuma yake jin Barbarci kamar ɗan unguwar Shehuri. Su biyun suka riƙe sashen shekara da shekaru. Da rikicin tayar da ƙayar baya ya ɓarke a 2009, kuma ya tsananta a shekarun da suka biyo baya, ma'aikata da dama sun bar garin, amma su ba su tafi ba. Akwai ranakun da fashewar bam ɗaya takan cika musu gadaje har baranda, su yi ta aiki daga hantsi zuwa la'asar ba su zauna ba. A duk tsawon wannan lokaci Dakta Yagana ba ta daina rubuta sunan kowane yaro da aka yanke wa hannu ko ƙafa ba, da garinsu, da dalili. Littafi ɗaya ya zama bakwai.

A ƙarshen 2015, da gari ya fara lafawa, ita da Dakta Theophilus suka zauna suka bi littattafan shafi shafi. Abin da suka gano ya girgiza su. Cikin shekara goma sha biyar, yara ɗari da sittin da bakwai ne suka rasa gaɓa a sashensu saboda bam ko harsashi, waɗanda suka rasa saboda matsattsen ɗori kuwa ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Ga shi kuma gari ya cika da 'yan gudun hijira waɗanda ba su da inda za su kai karaya sai wurin masu ɗori.

Yunƙurin Farko a Majalisa

A watan Fabrairu na 2016 likitocin ƙashi biyar da ke aiki a jihar suka haɗu, suka naɗa Dakta Yagana shugaba, suka rubuta ƙudirin doka da zai haramta wa duk wanda ba likita ba taɓa karayar yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha takwas, da hukuncin ɗauri ga wanda ya saɓa. Suka samu ɗan majalisar dokokin jiha ya gabatar da shi, aka yi masa karatu na farko. Labari na fita, masu ɗori daga Gwange da Moduganari da garuruwan kewaye suka yi gangami a ƙofar majalisa, tare da ɗaruruwan mutanen da suka warke a hannunsu, wasu na ɗaga hannu sama suna nuna inda aka ɗora musu. Aka tura ƙudirin kwamitin lafiya, can ya kwanta. Wani matashin ɗan kwamitin, Honarabul Babakura Habib, shi ne ya faɗa mata gaskiya a bakin ofishinsa.

Ya ce, "Dakta, wallahi na yarda da duk abin da kika rubuta. Amma ku likitocin ku biyar ne. A mazaɓata babu asibitin da ke da hoton ƙashi, masu ɗori kuwa sun fi talatin. In na hana su, wa zan ce wa mutanena su je wurinsa?"

Wa'adin waccan majalisa ya ƙare a 2019, ƙudirin ya mutu tare da shi.

Ziyarar Moduganari

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya bambanta ta da sauran masu ilmi irinta. A watan Agusta na 2019 ta cire farar rigar aiki, ta yafa lafayarta, ta hau keke napep zuwa Moduganari, gidan Baba Haruna Goni, shugaban masu ɗori, dattijon da ya jagoranci gangamin da ya kashe ƙudirinta. Ya gane ta sarai, amma ya bar ta a kan tabarma cikin marasa lafiya tun daga safe har azahar. Tana zaune ta ga ya duba mutum ashirin da uku, ta ga ya mayar da kafaɗar wani ɗan dako da ta goce cikin ƙiftawar ido, da irin laushin hannun da ta shaida daga baya cewa ba kowane likita ke da shi ba. Da mutane suka ragu ya juyo gare ta.

Ya yi mata sannu da Barbarci ya ce, "Wushe, Dakta. Kin gani? Ke waɗanda suka lalace a hannunmu kawai kike gani. Waɗanda suka warke ba su zuwa wurinki."

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba, yau na ga naka. Saura kai ka zo ka ga nawa."

Mako na zagayowa sai ga shi a asibiti da sandarsa. Ta zagaya da shi ɗakin yara gado gado, tana faɗa masa garin kowane yaro da kwanakin da ya yi a ɗaure. Da suka kai ƙarshen ɗakin, sai ya tambaye ta ta yaya ake gane hannu ya fara mutuwa tun bai yi baƙi ba. Ta nuna masa a farcen wata yarinya, yadda ake danna shi a ga ko jini zai dawo. Kafin ya tafi ya nemi a ɗauki hoton wuyan hannunsa na hagu, wanda ya karye yana saurayi mahaifinsa ya ɗora masa. Da aka ɗaga hoton a haske aka ga ƙashin ya haɗe santal, dattijon ya yi dariyar da aka ji har baranda, ya ce a ba shi hoton ya tafi da shi gida. Daga wannan rana suka zama abokan tafiya.

Sabon Ƙudiri

A cikin shekarar 2020, duk da tsaikon da annobar korona ta kawo, likitocin biyar da wakilan masu ɗori bakwai suka yi zama goma sha huɗu a zauren Baba Haruna, suka fitar da sabon ƙudiri. Babu haramci a cikinsa. Ya tanadi yi wa kowane mai ɗori rajista bayan horon mako shida, ya wajabta masa tura majiyyaci asibiti cikin yini guda idan ƙashi ya huda fata, ko gaɓa ta kumbura ƙwarai, ko yatsu suka yi sanyi ko suka daina motsi. Sashen da masu ɗori suka dage a kansa kuwa shi ne wanda ya wajabta wa asibiti karɓar duk wanda aka turo ba tare da zagi ko tsangwama ga wanda ya turo shi ba. Biyu daga cikin likitocin sun so janyewa, suna ganin an ba jahilci lasisi, sai da Dakta Theophilus ya ajiye littattafan nan bakwai a gabansu ya tambaye su ko suna da wata hanyar da za ta hana a sayi na takwas.

Bin 'Yan Majalisa

Daga watan Janairu na 2021 aka shiga aikin da har yau ake ba da labarinsa a sashen. Suka rarraba sunayen 'yan majalisar a tsakaninsu, kuma suka yi ƙa'ida cewa ba likitan da zai je wurin ɗan majalisa shi kaɗai, sai da mai ɗori a gefensa. Malam Abdulnasir, wanda ya riga ya yi ritaya, shi ya zauna ya tsamo daga littattafan sunayen yaran kowace mazaɓa, ya buga wa kowane ɗan majalisa takardarsa daban. Sun same su a ofis, sun same su a gida, sun tare wani a wurin ɗaurin aure, wani kuma a filin jirgi yana shirin tafiya Abuja. Dakta Yagana da Baba Haruna su kaɗai sun ga mutum goma sha ɗaya, tana yi wa wannan Barbarci, wancan Larabcin Shuwa, wancan Hausa. Wani ɗan majalisa da ya ba su minti biyar a tsaye, da ya ga sunan ƙauyensu a takardar, kuma ya gane gidan da wata yarinya a cikin jerin ta fito, sai ya ja kujera ya zauna, ba su fito ba sai bayan awa biyu.

Honarabul Babakura Habib, wanda ya sake cin zaɓe kuma ya zama shugaban kwamitin lafiya, shi ya ɗauki nauyin gabatar da ƙudirin. Ranar Talata, 2 ga Maris, ya kawo 'yan kwamitinsa gaba ɗaya ɗakin yara, suka gani da idonsu. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu a watan Afrilu, amma da sauran aiki, domin wasu na ganin a cire wajabcin tura majiyyaci a mayar da shi shawara kawai, wanda kuwa da an yi haka da dokar ta zama fanko.

Ranar Sauraron Jama'a

Ranar Laraba, 16 ga Yuni, 2021, zauren sauraron ra'ayin jama'a ya cika ya batse. Masu ɗori da rawunansu a gefe guda, ma'aikatan jinya da fararen kayansu a ɗaya gefen, iyaye da yara masu sanduna da ƙafafun roba sun cika tsakiya har bakin ƙofa. Baba Haruna ya miƙe ya yi jawabi da Barbarci, kuma da aka nemi mai fassara, Dakta Theophilus ne ya tashi ya tsaya kusa da shi yana mayarwa, abin da ya sa zauren ya kaure da tafi tun ba a shiga magana ba. Dattijon ya shaida wa kwamitin cewa sana'ar nan gadonsa ce tun kakanni, shekara biyar da suka wuce shi ya tara mutane a ƙofar nan don a kashe doka, yau kuma ya zo da ƙafarsa yana roƙon a yi ta, domin ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekara hamsin yana ɗori.

Da aka kira Dakta Yagana, ba ta karanta takarda ba. Ta fito da kara da tsumma daga jakarta, ta nemi izinin shugaban kwamiti ya ba da hannunsa. Baba Haruna ya ɗaure masa shi irin ɗaurin da ke kashe gaɓa, ita kuwa ta ci gaba da bayaninta kamar ba abin da ke faruwa. Ba a jima ba yatsun Honarabul Babakura suka kumbura, ya fara mutsu-mutsu a kujera, gumi ya keto masa, daga ƙarshe ya katse ta ya ce don Allah a kwance shi.

Ta dubi agogon bango ta ce, "Ranka ya daɗe, minti shida ke nan. Yaran da ke gabanka kwana tara suke yi, kuma in sun yi kuka ce musu ake yi ƙashi ne ke haɗewa."

Zauren ya ɓarke da kabbara. Daga wannan rana ba a sake jin maganar cire wajabcin ba.

Ranar Talata, 23 ga Nuwamba, 2021, aka yi wa ƙudirin karatu na uku. Da aka nemi masu amincewa, amsar ta cika zauren, da aka nemi masu ƙi, ba a ji ko tari ba. Gudumar kakakin majalisa na sauka, ma'aikatan jinya da ke benen 'yan kallo suka rangaɗa guɗa, sai da aka yi ta roƙon a natsu. A waje kuwa masu ɗori suka ɗaga Dakta Theophilus sama suna zagaya farfajiya da shi, takalminsa ɗaya ya ɓata ba a ƙara ganinsa ba. An sa wa dokar hannu a watan Fabrairu na 2022.

Shekarun Ƙarshe

Ajin farko na horon masu ɗori ya zauna a watan Mayu na 2022 da mutum arba'in da shida, ciki har da mata tara, kuma Baba Haruna, yana da shekara saba'in da takwas, shi ne ɗalibi mai lamba ɗaya a rajista. Dakta Yagana ta yi ritaya daga aikin gwamnati a watan Mayu na 2023, amma ta ci gaba da koyar da ajin duk ranar Asabar, kuma likitocin wasu jihohi sun gayyace ta ta yi musu bayanin yadda aka bi aka kai ga nasara. Yaran da ake yanke wa gaɓa a sashen saboda ɗori, waɗanda a da sukan kusan kai talatin a shekara, sun koma huɗu a 2024.

Lokacin ambaliyar watan Satumba na 2024, wadda ta rushe gidan da aka haife ta a Gwange, ta yi mako uku a wani sansanin waɗanda ruwa ya kora, tana duba waɗanda gini ya faɗa wa, tare da masu ɗori goma sha biyu daga cikin ɗalibanta, su suna ɗora masu sauƙi, suna ware mata masu haɗari. Wannan ne aikinta na ƙarshe. A watan Nuwamba aka gano tana da ciwon daji a hanta, kuma ta zaɓi a yi jinyarta a gida Maiduguri, a asibitin da ta yi wa hidima.

Rasuwa

Allah ya yi wa Dakta Yagana Abdulsalami rasuwa da hantsin ranar Juma'a, 14 ga Maris, 2025, daidai da 14 ga Ramadan, 1446, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi mata salla bayan an sauko daga masallacin Juma'a, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Gwange. Masu ɗori fiye da ɗari biyu ne suka zo daga ciki da wajen gari, suka roƙi iyalinta a bar musu makara, suka yi ta karɓa-karɓa har bakin kabari ba su bari an sa ta a mota ba. Washegari Asabar, aka tambayi Dakta Theophilus ko za a ɗage ajin horo saboda zaman makoki. Ya ce tun tana kan gado ta yi masa kashedi a kan haka. Ajin ya zauna da ƙarfe tara, mutum talatin da ɗaya, babu wanda ya yi fashi.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Abdulnasir Bukar, da 'ya'ya huɗu: Injiniya Habib Abdulnasir, Malama Rahmat Abdulnasir, Barista Ammatullahi Abdulnasir, da Modu Abdulnasir, sai jikoki shida. Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa hidimar da ta yi wa bayinsa ta zame mata sadaka mai gudana, amin.